Daga jami'a zuwa MLB: wata goma ko shekara biyu?

A ranar 9 ga Yuli, 2023, ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta ɗauki Paul Skenes, mai jifan ƙwallo na Jami'ar Jihar Louisiana, a matsayin na farko a zaɓen sababbin 'yan wasan besbol na Amurka, ta kuma danƙa masa dala miliyan 9.2 kuɗin sa hannu. Ranar 11 ga Mayu, 2024, wato bayan wata goma, ya hau tudun jifa a MLB, babbar gasar besbol ta ƙwararru. Ita dai wannan ƙungiya ce ta ɗauki Gerrit Cole na jami'ar UCLA a matsayi na farko a watan Yunin 2011, amma shi sai da ya share shekara biyu cif kafin a kira shi a Yunin 2013. Dukansu biyu suna iya sakin ƙwallo da gudun mil 100 a sa'a, kusan kilomita 160 ke nan, kuma dukansu sun ci kyautar Cy Young daga baya, wadda ake bai wa mai jifan da ya fi kowa a kakar wasa: Cole a 2023, Skenes a 2025. To wanne ne daidai, an yi gaggawa da Skenes ne ko an ɓata wa Cole lokaci?

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai ga tambayar da ban mamaki, don a can yaro ɗan shekara 17 idan ya iya, ranar Asabar za a sa shi. A besbol ba haka abin yake ba. Ƙungiyoyin MLB 30 ne, 29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta Kanada, kuma kowace tana da ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta hawa huɗu: Single-A, High-A, Double-A da Triple-A. Tun 1965 ake gudanar da zaɓen matasa kowace shekara, yanzu zagaye 20 ake yi a watan Yuli. Ɗan jami'a yana shiga zaɓen ne bayan ya kammala shekara ta uku ko ya cika shekara 21. Daga nan sai ya kama hawan matattakalar nan, da yawa kuma a kanta suke tsufa ba su taɓa leƙa saman ba.

Abin da nake gani shi ne, ƙirga watanni ba ya warware komai. Ƙananan gasanni wuri ne na koyon wasu abubuwa takamaimai. Ranar da yaro ya iya su, duk jifan da ya ƙara yi a can asara ce gare shi da ƙungiyarsa. Ranar da bai iya su ba, ko da jaridu sun cika gari da sunansa, kiransa sama zalunci ne.

Abu na farko hutu ne. A jami'a, gwanin ƙungiya yana jifa ne daren Juma'a, sannan ya huta har wata Juma'ar. Kakar tana farawa a Fabrairu ta ƙare a Yuni. A MLB wasa 162 ake yi daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, masu buɗe wasa biyar suna karɓa-karɓa, wato kowa yana dawowa tudu bayan hutun kwana huɗu ko biyar. Wasa ɗaya yana da zango 9, kuma da yawan zangon ake auna aikin mai jifa. A shekararsa ta ƙarshe a jami'a Skenes ya jefa zango kusan 123, adadi mai yawa ƙwarai ga ɗalibi. Cikakken mai buɗe wasa a MLB ana sa ran ya fita sau 32 ko 33, ya jefa zango 180 zuwa 200. Kwana biyun nan da aka rage a mako ba ƙaramin abu ba ne. Kafaɗar da ta saba warwarewa ranar Laraba yanzu ana so ta koma aiki ranar Larabar.

Na biyu, makami na uku. Yaro mai gudun mil 98 da jifan lanƙwasa guda mai kyau zai iya cinye ɗaliban jami'a da waɗannan biyun kaɗai, don a cikin masu bugu tara da ke jere gabansa wataƙila biyu ne za su taɓa cin abinci da besbol. A MLB duka taran ƙwararru ne, kowannensu ya zauna gaban bidiyo ya haddace yadda ƙwallon ke fita daga hannunka. Sanannen abu ne a alƙaluman wasan cewa idan mai bugu ya fuskanci mai jifa karo na uku a wasa ɗaya, bugunsa yana ƙara kyau. Ya riga ya ga abin da ke jakarka sau biyu. Idan ba ka da na uku, misali jifan yaudara da ke fitowa kamar mai gudu amma ya iso a makare, to a zango na biyar ko na shida za a fara yi maka ruwan duka. Skenes kansa a 'yan watannin nan na jira ne ya gyara wani jifa da ke zuwa da gudu sannan ya nutse daf da sanda, kuma shi ya zama abin da ya fi wahalar da masu bugu a shekararsa ta farko.

Akwai kuma ƙananan abubuwa. Ƙwallon jami'a da na MLB ba ɗinki ɗaya ba ne, shi ya sa tun 2019 ake amfani da ƙwallon MLB a Triple-A. Akwai hana masu gudu satar tasha, akwai rayuwar otal da jirgi wata shida. Sai abin da ba ya shiga lissafi: yaron da tun yana firamare ba a taɓa cin mutuncinsa a fili ba, yana da kyau a fara yi masa dukan kawo wuƙa a wani ƙaramin gari gaban mutum dubu biyar, ya kwana da abin, ya dawo bayan kwana biyar, kafin hakan ta same shi gaban mutum dubu arba'in da kyamarorin talabijin.

Duk wannan hujja ce ta masu cewa sauri ya haifi nawa. Amma akwai ɗaya ɓangaren, kuma a ganina ya fi nauyi yanzu fiye da shekara ashirin da suka wuce.

Hannun mai jifa kamar tayar mota yake, ba ruwansa da ko tafiyar ta kasuwanci ce ko ta yawon banza, kowace tana cin ta. Jijiyar da ke riƙe gwiwar hannu ta ciki ba ta san bambancin Indianapolis, inda ƙaramar ƙungiyar Pirates ta Triple-A take, da Pittsburgh ba. Idan ta tsinke sai tiyatar da ake kira Tommy John, wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi a 1974 a kan ɗan wasa mai wannan suna, jinyarta kuma shekara ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi. A Disambar 2024 hukumar MLB ta fitar da rahoto kan yawaitar raunin masu jifa, ta ɗora babban laifin a kan neman gudun ƙwallo da jifa da iyakar ƙarfi kowane lokaci. Wannan kuwa tun a sakandare da jami'a ake fara shi. Ma'ana, ajiye yaro a ƙananan gasanni ba kāriya ba ce. Can ma jifan yake yi, da ƙarfin nan dai, sai dai ba a biyansa albashin manya kuma nasararsa ba ta shiga teburin kowa.

Dubi Stephen Strasburg. Washington Nationals ta ɗauke shi na farko a 2009 daga Jami'ar Jihar San Diego da kwantiragin dala miliyan 15.1. Ba a yi masa garaje ba, an lallaɓa shi wasa 11 a ƙananan gasanni ana ƙirga masa jifa ɗaya bayan ɗaya. Ranar 8 ga Yuni, 2010, ya fito a Washington ya kori masu bugun Pittsburgh 14 cikin zango 7, wato kowannensu ya kuskure sau uku ya koma benci. A watan Agustan shekarar, a wasansa na 12, jijiyar ta tsinke a Philadelphia. Bayan ya warke, a 2012 shugaban harkokin wasan ƙungiyar Mike Rizzo ya dakatar da shi a watan Satumba bayan zango 159 da ɗoriya, alhali ƙungiyar na kan gaba, aka shiga wasannin neman kofi babu shi, St. Louis ta fitar da su. Har yau magoya bayan Washington ba su gama gardamar nan ba. Rizzo yana da abin faɗa, don Strasburg ne gwarzon World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofin MLB, da suka ci a 2019. Amma babu mai iya cewa da an ƙara masa shekara guda a Triple-A da gwiwar ba ta tsinke ba. Wataƙila da a can za ta tsinke, ba tare da kowa ya ga korar mutum 14 ɗin nan ba.

Masu tsoron gaggawa sukan kawo sunaye biyu, kuma duka biyun idan aka duba da kyau ba ranar kiran ba ce ta kashe su.

Na farko Mark Prior. Chicago Cubs ta ɗauke shi na biyu a 2001 daga jami'ar USC, ya yi wasa 9 a ƙasa, ya hau sama a Mayun 2002. A 2003 yana ɗan shekara 22 ya ci wasa 18 ya faɗi 6, ya jefa zango 211. Babu wanda ya kalle shi a shekarar ya ce bai nuna ba. Matsalar ita ce yadda aka yi aiki da shi a ƙarshen kakar a ƙarƙashin manaja Dusty Baker, wasa bayan wasa yana haura jifa 120, har 133 a wasa ɗaya da Atlanta a Oktoba. Adalci dai a faɗi cewa akwai tsautsayi a ciki: ya yi karo da ɗan wasa a 2003, ƙwallon da aka buga kuma ya fasa masa gwiwar hannu a 2005. Wasansa na ƙarshe a MLB a 2006 ne, yana da shekara 25. Yanzu shi ne kocin masu jifa na Los Angeles Dodgers, mai ƙirga wa wasu abin da ba a ƙirga masa ba.

Na biyu David Clyde, wanda ma ba ɗan jami'a ba ne. Texas Rangers ta ɗauke shi na farko a 1973 daga wata sakandare a Houston, kafin wata ya cika aka ɗora shi a MLB yana ɗan shekara 18, don mai ƙungiyar Bob Short yana fama da rashin 'yan kallo. Ranar fitowarsa ta farko sama da mutum 35,000 suka cika filin. Ganin kuɗi ya shigo sai aka fasa mayar da shi ƙasa ya koyi aiki. Ya bar MLB a 1979 da nasara 18 da faɗuwa 33. Wannan ba shawarar koci ba ce, shawarar mai sayar da tikiti ce.

Kuɗin kuwa kaifi biyu gare shi, kuma a zamanin nan ya fi jawo jinkiri fiye da gaggawa. Ƙa'idar ita ce ƙungiya tana mallakar ɗan wasa har ya cika shekara shida na aiki a MLB, sannan ya samu 'yancin sayar da kansa ga wanda ya fi tayi. Kwana 172 a jerin manya shi ne shekara ɗaya, kakar kuma kwana 186 ce ko kusa da haka. Lissafin a fili yake: riƙe yaro a ƙasa mako biyu da 'yan kwanaki a Afrilu, ka samu kaka ta bakwai a ɓagas. Riƙe shi har Yuni kuma yakan jinkirta ranar da zai fara neman ƙarin albashi gaban masu sasantawa. Shekara uku na farko kusan mafi ƙarancin albashi yake ɗauka, dala 740,000 a 2024, alhali gwanin da ya samu 'yanci yana ɗaukar sama da miliyan 30 a shekara. Idan ka ga an kira Strasburg 8 ga Yuni, an kira Cole 11 ga Yuni, kai ma ka san me ake ƙirgawa. Chicago Cubs ta riƙe Kris Bryant, shi mai bugu ne, a 2015 har ya gama shekarar da kwana 171, saura kwana ɗaya tak. Ya kai ƙara, bai yi nasara ba. A Fabrairun 2021 shugaban Seattle Mariners Kevin Mather ya saki baki a wani taron Rotary ya faɗi abin da kowa ya sani game da riƙe matasa, bidiyon ya bazu, cikin 'yan kwanaki ya ajiye aiki.

Yarjejeniyar 2022 tsakanin ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa ta ɗan toshe wannan ɓaraka. Duk wanda ya zo na ɗaya ko na biyu a zaɓen gwarzon sababbin shiga ana rubuta masa cikakkiyar shekara ko da a Mayu aka kira shi. Ƙungiyar da ta fara kaka da fitaccen matashinta kuma, idan ya ci kyautar, ana ba ta ƙarin gurbi a zaɓen shekara mai zuwa. A nan ne Pittsburgh ta yi biyu babu. Ta ajiye Skenes a Indianapolis wasa 7, inda matsakaicin makin da ake ci a hannunsa a zango 9 bai kai 1 ba. Ya hau sama ya ci wasa 11 ya faɗi 3 da matsakaicin 1.96, shi ya buɗe wasan taurari na Yuli, ya ci kyautar gwarzon sababbi. An ba shi cikakkiyar shekararsa, ƙungiyar kuma ba ta samu ƙarin gurbin ba tunda ba ta fara kakar da shi ba.

Duk da haka ba zan yi wa Pittsburgh dariya gaba ɗaya ba, don abin da ta yi bayan kiran shi ne darasin. Ranar 11 ga Yuli, 2024, a Milwaukee, Skenes ya gama zango 7 babu wanda ya samu bugu mai kyau ko ɗaya a kansa, ya kori mutum 11. Saura zango biyu ya kafa tarihin da masu jifa ke mafarki. Manaja Derek Shelton ya duba lissafi ya ga jifa 99, ya ce ya isa, ya sa wani ya ƙarasa.  Skenes ya rufe shekarar da zango 133 a MLB, a 2025 aka sakar masa linzami ya ci Cy Young ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta kauce masa ba. Ana iya renon hannu a sama, ba dole sai a ƙasa ba, idan manajan yana da zuciyar cire yaro ana tsaka da tafi.

Akwai wata ƙofar gefe da Chicago White Sox ta fi kowa amfani da ita: a kira yaro da wuri amma a matsayin mai karɓar jifa a ƙarshen wasa, zango ɗaya ko biyu, inda makami biyu ya wadatar. Chris Sale an ɗauke shi a Yunin 2010, a Agusta yana MLB, ya yi kaka biyu a wannan aiki, a 2012 ya koma buɗe wasa ya ci 17. Garrett Crochet an ɗauke shi a 2020, shekarar da korona ta soke ƙananan gasanni, ya shiga MLB a Satumba bai taɓa taka su ba, ya yi tiyatar gwiwa a 2022, sai a 2024 ya zama mai buɗe wasa. Tampa Bay ta yi irin wannan da David Price a 2008. Hanyar tana aiki, amma ba kullum ba. Brandon Finnegan ya buga gasar ƙarshe ta jami'o'i da World Series a shekara ɗaya, 2014, abin da ba a taɓa yi ba kafinsa, sannan ya yi ta yawo tsakanin ayyukan biyu, kafaɗa ta ba shi matsala, bayan 2018 ba a sake ganinsa a MLB ba.

Tsallake ƙananan gasanni kwata-kwata a fara da buɗe wasa kuwa sai jefi-jefi. Jim Abbott, wanda aka haifa babu tafin hannun dama, ya yi hakan a 1989 daga Jami'ar Michigan. Mike Leake ya yi a 2010 da Cincinnati, ya kuma yi shekara goma yana aiki ya ci wasa sama da 100. Abin lura, Leake ba mai gudun ƙwallo ba ne, mai saiti ne da jifa kala-kala, wato ya zo da abin da ake zuwa ƙasa a koya.

Idan za a matsa mini in faɗi adadi, ga fitaccen ɗan jami'a da aka ɗauka a sahun farko zan ce wata goma zuwa goma sha biyar. A bar shi ya huta ragowar shekarar zaɓen, musamman ganin yadda kociyoyin jami'a ke tatsar gwanayensu a wasannin ƙarshe, inda shi kansa Skenes ya kai jifa 120 da ɗoriya a wasa guda. Shekara mai zuwa ya fara a ƙasa, kada a riƙe shi a kowane hawa da zarar masu bugun wurin sun daina koya masa komai. Justin Verlander da Tim Lincecum kusan haka suka bi, kowannensu ya iso sama cikin kimanin shekara guda. Jami'o'in yau ma sun rage wa ƙungiyoyi aiki, don irin su Wake Forest da Louisiana suna da na'urorin auna juyin ƙwallo da motsin jiki irin na ƙwararru. Trey Yesavage na Jami'ar East Carolina, wanda ƙungiyar Toronto ta ɗauka na 20 a zaɓen 2024, ya fara 2025 a Dunedin, hawa mafi ƙasa, ya wuce Vancouver, New Hampshire da Buffalo, a tsakiyar Satumba yana Toronto. Wasa uku kacal ya yi kafin wasannin neman kofi, amma a wasa na biyar na World Series ya kori 'yan Dodgers 12 cikin zango 7. Bai tsallake hawa ko ɗaya ba, bai kuma daɗe a ko ɗaya ba.

Haɗarin kawai shi ne a mayar da wannan ma'aunin kowa. Irin su Skenes da Yesavage a kowane zaɓe ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, cikin ɗaruruwan masu jifa da ake ɗauka. Jack Leiter na Vanderbilt, na biyu a 2021, Texas ta jefa shi kai tsaye Double-A saboda suna da tsada, saitinsa ya watse, ana cin maki sama da 5 a hannunsa, har sai da aka janye shi daga wasa na ɗan lokaci aka sake gina masa salon jifa. Sai a 2024 ya iso. Mark Appel na Stanford, na farko a 2013, ya bar wasan gaba ɗaya a 2018, ya dawo, ya taka MLB karon farko a 2022 yana da shekara 30. Jacob deGrom kuwa a Jami'ar Stetson ya fi daɗewa yana tsaron fili fiye da jifa. New York Mets ta ɗauke shi can a zagaye na tara a 2010, ya yi tiyatar gwiwa bayan 'yan watanni, ya hau matattakalar hawa-hawa babu mai waiwayarsa, ya iso a Mayun 2014 saura wata guda ya cika shekara 26. Shekara huɗu ke nan. Ya ci kyautar gwarzon sababbi a shekarar, sannan Cy Young sau biyu a jere, 2018 da 2019.